A duba nauyin motocin lantarki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in tofa albarkacin bakina kan motocin lantarki, waɗanda ake ta yi wa kirari tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Ba sa fitar da hayaƙi, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai ba a cika zancen nauyinsu ba.

Batir ne ke jawo nauyin. Hummer mai lantarki ta kamfanin GMC ta haura kilo 4,000, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota. Mota mai nauyi ta fi cin taya, ga taya ta yi tsada. Ƙurar robar da ke gogewa a kwalta muna shaƙar wata, ruwan sama ya kwashe saura zuwa fadamu da gulabe.

Abin da ya fi damuna shi ne haƙar ma'adinai. Iya girman batir, iya yawan lithiyum ɗin da za a tono. Mu a Zamfara mun ga illar haƙa babu tsari: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Yanzu da ake tonon lithiyum a Nasarawa, wa ke sa ido?

In gwamnati za ta shigo da su, ta fara da babura da keke napep masu ƙananan batura da ake caji da hasken rana, ba manyan jif-jif da za a riƙa tayar wa janareto ba.

Mai karanta jaridarku,
Gusau, Jihar Zamfara