A daina yi wa matuƙan jirgin sama dariya in sun faɗi abin da suka gani

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka baki ɗaya.

Daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim nake rubuto maka, kan maganar abubuwan nan da matuƙan jirgi ke cewa sun gani a sararin sama amma an kasa gane ko menene. A majalisarmu da an taɓo zancen sai wani yace aljanu ne, wani yace ƙaryar turawa ce, shikenan an rufe magana. Ni kam wallahi abin yana damuna, domin waɗannan mutane ne da ake damƙa wa rayukan ɗaruruwan jama'a, har da alhazanmu.

Tun 1947 wani matuƙin jirgi mai suna Kenneth Arnold yace ya ga abubuwa 9 suna tsala gudu kusa da dutsen Rainier a Amurka. A Janairun 1948 Thomas Mantell, matuƙin jirgin yaƙi, ya bi wani abu sama can a Kentucky har jirginsa ya faɗi ya mutu, daga baya aka ce mai yiwuwa balan-balan ɗin bincike ne na sojan ruwa, to kaga ba komai ne abin al'ajabi ba, amma dai mutum ya rasa ransa. Sojan saman Amurka sun tattara rahoto 12,618 kafin su rufe bincikensu na Project Blue Book a 1969, guda 701 ba a gano su ba.

Wanda yafi taɓa ni shine Kyaftin Kenju Terauchi ɗan Japan, a Nuwamban 1986 yana tuƙa jirgin kaya a saman Alaska ya ga fitilu suna bin su, ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage, yayi wa 'yan jarida bayani, sai aka ɗauke shi daga tuƙi aka zaunar dashi a ofis. Haba jama'a, in haka za a yi wa mai faɗin abin da idonsa ya gani, waye zai sake buɗe baki? Kuma shirun nan haɗari ne ga fasinja, ko balan-balan ne ko jirgi mara matuƙi ai ya kamata a sani.

Ni ban ce halittun wata duniya bane, Allah ne kaɗai masanin gaibu. Roƙona Malam Edita, ka tura wakilinka filin jirgin Malam Aminu Kano da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, a zauna da namu matuƙan musamman tsofaffin da suka yi ritaya, a tambaye su me suka taɓa gani da daddare a saman ƙasar nan, kuma wa suke kai wa rahoto in sun gani.

Nagode,
Mai karatunku daga Ringim, jihar Jigawa