Wa ya sassaƙa kalangun gidanmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Gadarif, gabashin Sudan, inda muke zaune tun da yaƙi ya taso mu daga jihar Sinnar a 2024. Labarin yaƙi kuna da masu kawo muku shi. Ni cigiya na zo da ita, kuma ta kalangu ce.

Ranar da za mu fito, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Gwaggona, mai shekara tamanin da ɗoriya, ta bar tukwanenta da gadonta, ta naɗe wani tsohon kalangu a zane ta rungume. Na ce, "Gwaggo, ana ta kai wa yake ta kaya?" Ta ce, "Kai dai kama hannun yara. Wannan ya riga ubanka zuwa ƙasar nan." Ban ƙara magana ba.

Kakanmu mahauci ne, kalangu kuwa kowa ya san kiɗan mahauta ne. An ce tare da makaɗinsa suka zo, makaɗin ya rasu bai bar ɗa ba, kalangu ya zauna a gidanmu. Abin da muka taso muna ji shi ne ya biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, wanda Turawa suka kashe a Burmi a watan Yuli na 1903, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mairuno a bakin kogin Nilul Azrak. Labari ne mai daɗin faɗa, ni ma na sha faɗarsa a wurin shan jabana, wato gahawar mutanen Sudan. Amma yanzu da zaman gudun hijira ya ba ni lokaci, na zauna na juya kalangun nan ciki da bai, babu suna, babu hatimi, babu shekara. Masassaƙin Hausa ba ya rubuta sunansa a jikin turmi, balle a kangon kalangu. Kuma ni da na ga yadda ake fita gida a guje, sai na fara tambayar kaina ko wanda ya tsira daga harsashin Burmi zai tsaya ɗaukar abin kiɗa. Sai dai in na tuna Gwaggo da zanenta, sai in yi shiru.

Na fara da fata, nan da nan na gane ɓata lokaci ne. Fata da tsarkiya canza su ake yi, kamar riga. Wanda ya ce zai karanta shekarun ganga daga fatarta, shekarar ɗaurin ƙarshe kawai zai faɗa maka.

Sai ice. Na kai wa wani tsohon kafinta a kasuwa, ya kankare ɗan wuri daga ciki, ya sansana, ya ce gimbil ne, wato abin da muke kira alilliba. Na yi murna, don ice ne mara nauyi da masassaƙa ke so wajen ganguna. Murnar ba ta daɗe ba. Alilliba tana fitowa a ƙasar Hausa, tana fitowa nan kudancin Gadarif da tsaunukan Habasha. Haka gawo, shi ne haraz a nan. Bagaruwa sunut, kuka tabaldi, tsamiya aradeb. Daga Sakkwato zuwa Kasala daji ɗaya ne, suna kawai ke canzawa. Ice bai raba gardama ba.

Ɗan ƙanena da ya karanta ilmin tono kayan tarihi a jami'a ya kashe mini wani fatan kuma. Na ce masa ai akwai gwajin kabon da Turawa ke yi don gane shekarun abu. Ya ce, "Baffa, kada ka zubar da kuɗinka." A bayaninsa, icen da aka sare tsakanin wajen 1650 da 1950 gwajin ba ya iya tsayar masa da lokaci guda, zai ba ka zamani biyu ko uku ka zaɓa. Kuma ko ya dace, shekarun bishiya zai nuna, ba ranar da gizago ya hau ta ba.

Abu ɗaya da ya yi magana shi ne maratayi. A jikinsa akwai wata 'yar laya ta fata da ɗinkinta ya saki. Da na buɗe, ba rubutu a ciki, anini ne mai huda a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida, irin kuɗin da Ingila ta buga wa Afirka ta Yamma. Shekarar ta goge, amma sunan Sarki Joji na biyar yana nan raɗau, shi kuwa a 1910 ya hau sarauta. Ke nan an ɗinke layar aƙalla shekara bakwai bayan Burmi. Da na nuna wa Gwaggo, ko kallo bai ishe ta ba. Ta ce maratayi ai tsinkewa yake yi a sake wani, kuma alhazai ba su daina zuwa da aninai a aljihu ba. Gaskiyarta. Hanyar ƙasa daga Kano ta Maiduguri, Abeshe, Jinaina, Fashir da Ubayyid ba ta taɓa yin shiru ba, kuma da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, mutanenmu da yawa suka tsaya neman guzuri, tsayawar da ta zama zama. Anini ya gaya mini shekarun laya, bai gaya mini na kango ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa da waɗannan alhazan na baya kalangun ya zo, amma ban isa in rantse ba.

A nan zan ɗan ja kunnen 'yan'uwa. Kafin yaƙi wani dillalin kayan tarihi ya ga kalangun, ya rantse mini cewa daga fadar Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda aka kashe a 1916, ya fito, wai in ba shi ya sayar wa baƙi. Gangar sarauta a Darfur nahas ce, ta tagulla, ba kalangun mahauta ba. Irinsu ne ke nuna maka riyalin azurfa na Sarauniya Mariya Tariza mai 1780 a jiki su ce ga shaida, alhali duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar yake ɗauke da ita. Duk tsohon abu a bakinsu na zamanin Shehu ne ko na Mahadi, kuma da haka ake binne sunan talakan da ya yi aikin.

Abin da ya rage shi ne hannun masassaƙi, kuma nan ne nake neman taimakon masu karatu. Kowane gidan sassaƙa da yadda yake fafe ciki, da yadda yake sirance tsakiya, da kaurin da yake bar wa baki. Tsoho a sana'ar yana gane aikin gidansu kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta. Ga siffar namu. Tsawonsa santimita 46. Baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi da kamar yatsa guda. Ciki duk sawun ƙarfen hannu ne, gajeru, a karkace zuwa hagu, babu alamar injin. Tsakiyarsa doguwa ce, ba a matse take sosai ba. A cikin babban bakin, inda fata ke rufewa, akwai tsaga uku a jere da ɗaya a gicciye, an yi su da gangan. Ya taɓa tsagewa, aka kama shi da ƙarfe biyu ƙirar maƙera, aka like da ƙaro. Akwai tsakuwa biyar a ciki.

Tsagar nan ita ta fi tsaya mini a rai. Ko shaidar masassaƙi ce, ko ta mai kalangu, ko ƙidayar wani abu?

Ina roƙon masu karatu na Sakkwato, Gobir, Zamfara, Katsina, Kano da Damagaram, duk wanda ke da kaka masassaƙi ko makaɗin fawa da ransa, ya karanta masa wannan siffa. In wani ya ce ya san tsagar, a aiko wa jaridar nan, Malam Edita ya taimaka ya buga. Hotuna suna nan a wayar ɗan ƙanena, zan turo in an nema. A ɗan hanzarta, don Gwaggo ta fara mance sunayen jikokinta, ko da yake sunan makaɗin kakanmu da kirarinsa har yanzu suna bakinta.

Wassalam.

Naka, wani mai karatu,
Gadarif, Sudan.