Auta, ga abin da za ka tarar ranar gasar jirage

Agege, Legas

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da su Baba da Inna da duk mutanen gida. Mu ma nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗauke mana ƙafa. Saƙonka na murya ya iso tun ran Talata, na saurare shi sau uku a shago, amma amsarsa ta fi ƙarfin minti biyu na WhatsApp, shi ya sa na zauna bayan isha'i da biro. Ka ce mushenku ya zaɓe ku ku huɗu za ku shiga gasar jirage marasa matuƙa, Baba kuma ya ce bai ga dalilin kashe kuɗin mota a kan wasan yara ba. Zan zo kan maganar Baba. Af, a nan in na ce mushe ina nufin malamin makaranta, 'yan Najeriya dariya suke har da riƙe ciki, don su mushe ɗaya suka sani, wanda ungulu ke sauka a kansa.

Ga yadda aka yi na ga irin wannan rana da idona. Watan jiya 'yar maigidana, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ta zo teburina a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta, da wani ɗan allo a leda, wai ya ƙi kawo wuta. Na zaci na waya ne. Da na sa shi ƙarƙashin gilashi sai na ga ashe ƙwaƙwalwar jirgi ce, waya ɗaya ce kawai ta saki. Minti biyar na liƙe ta. Tun daga nan suka maƙale mini, ita da 'yan ƙungiyarta uku, har ranar gasa maigida ya ce in rufe teburi in raka su.

Bayan asuba muka fita, danfo zuwa Oshodi, wani kuma zuwa Yaba, kwalin jirgi a cinyata kamar mai ɗauke da ƙwai. Ƙarfe takwas aka ce za a fara. Jirgin farko bai bar ƙasa ba sai da sha ɗaya ta gota. To ka sa wannan a ranka tun yanzu: wuni guda za ku yi a wurin, amma in an haɗa duk tashin da jirginku zai yi, da ƙyar ya kai minti goma. Saura duk layi ne da jira da cajin batir da gyara. Ku tafi da ruwa da abin taɓawa, ku yi alwala tun da wuri, don ana iya kiran sunanku daidai lokacin azahar.

Kafin a bar ku ku shiga fili sai kun bi ta teburin bincike. Za a auna nauyin jirgin, a duba ko noti ya kwance, a matsa batir da yatsa a ji ko ya kumbura. Sannan alƙali ya ce ku cire farfeloli duka, ku tayar da injin, ku kashe rimot. In injinan huɗu suka tsaya nan take, kun wuce. In suka ci gaba da juyawa, ku koma ku gyara, domin jirgin da ya rabu da rimot bai tsaya ba, kan mutane zai nufa. A gabana aka mayar da wata ƙungiya a kan wannan, yara masu riga iri ɗaya da jirgi mai tsada, suna ta roƙo, alƙalin ko ɗaga kai bai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku gwada wannan a gida sau goma.

Batir kuwa ka ɗauke shi kamar garwashi a aljihu. Kowace ƙwaya a cikinsa bolt 3.7 ce, in ta cika ta kai 4.2, in kuma ka zuƙe ta har ta sauka ƙasa da 3 ka kashe ta ke nan. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen 3.8. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kama wuta da kansa, shi ya sa aka ware kusurwa guda don caji, da bokitin yashi a gefe. Ku da kuke Maraɗi, zafinku ya fi namu, kada ka kuskura ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Ku rubuta wa kowane batir lamba da salatif. Yaranmu ba su yi haka ba, sai da suka ɗora wanda ya riga ya sha aiki, jirgin ya zauna ƙasa tun kafin ya kai rabin fili a gwaji.

Akwai kuma zama gaban alƙalai, wanda yara suka fi raina wa, alhali makinsa ba kaɗan ba ne. Tambaya suke yi don su gane ko ku kuka haɗa ko saya muku aka yi. Wata alƙaliya ta ɗaga jirgin yaranmu ta ce, me ya sa farfela biyu ke juya dama, biyu hagu? Ƙaramin cikinsu, wani Bayarabe da ya tashi a layinmu har Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, ya ce ai in duk suka juya gefe ɗaya, jirgin kansa zai dinga katantanwa, saɓawar ce ke tsayar da shi. Ta ce to yaya yake yin gaba? Ya ce na baya biyu su ƙara gudu, hanci ya sunkuya. Ta rubuta wani abu tana murmushi. Ni ma a ranar na fahimci cewa abin da ke gaya wa jirgin ya karkata, ɗan'uwan ƙwayar nan ne da ke cikin waya mai gane an juya ta, wadda na sha canzawa shekara da shekaru.

Sai tashi. Fili ne a cikin zaure, an kewaye shi da raga har sama, an kafa zobba a tsayi daban-daban da wani faifai da za a sauka a kai. Matuƙi na waje da raga, ɗaya na gefensa yana faɗa masa hagu ko dama. Aka kira mu. Yarinyar ta ɗaga sandar rimot, jirgin ya ɗaga ƙafa biyu, ya kifa da baya, fau, kamar ƙwaron da aka juya. Zauren ya ɗauki ihu. Ni tun daga inda nake na san ciwon: wajen mayar da farfeloli bayan bincike sun musanya biyu, ta dama ta koma gurbin ta hagu. Faɗuwar kuma ta tsinke wayar inji ɗaya.

Aka ba su minti goma sha biyar kafin zagaye na biyu. Na miƙe da jakar kayan aikina, wani jami'i ya tare ni da hannu, ya ce babba ba ya taɓa jirgi, in na taɓa an cire su. Auta, ban taɓa jin hannuna na ƙaiƙayi irin na ranar ba. Ina tsaye bayan igiya, taku uku tsakanina da teburin, ina kallon yarinyar nan ta ɗauki ƙarfe mai zafi hannunta na rawa. Ta ɗiga dalma ta yi yawa, ta dunƙule kamar ƙwallon goruba, saura ƙiris ta haɗe da ta kusa da ita. Na ce mata da Hausa, a hankali kamar mai magana da kaina, "Goge bakin ƙarfen tukuna, ki ɗumama wurin, dalmar za ta bi da kanta." Jami'in ya harare ni, amma baki ai ba hannu ba ne. Ta goge, ta ja numfashi, ta sake. Liƙin ya fito da sheƙi. Ta ja wayar da farce, ba ta saki ba. Gumi na ɗiga daga haɓarta a kan teburi, don an kashe fankoki duka saboda iskarsu na ture ƙananan jirage, zauren ya koma kamar gidan burodi.

Zagaye na biyu ta bi zobba ukun farko lafiya, ta goga na huɗu, ta sauka a gefen faifai. A hankali ta tafi, kamar mai ɗauke da tulu. Masu gudun nuna isa da yawa a raga suka ƙare.

Akwai wani ɓangare da ba a riƙe rimot sam, a kwamfuta ake rubuta wa jirgi umarni: tashi, yi gaba santimita kaza, juya, sauka. Ƙananan jirage irin Tello aka yi shi da su, nauyinsu wajen giram 80. A cikin ɗaki ba su da tauraron ɗan'adam da za su dogara da shi, da 'yar kyamarar da ke cikinsu suke kallon ƙasa su gane inda suke. Daɓen zauren kuwa santsi gare shi yana ƙyalli, ga shi ana tsaka da yi nepa ta ɗauke, wato kuran ɗinmu, haske ya ragu kafin a tayar da janareto. Sai ka ga jirgi na sulalewa gefe kamar maye, alhali umarninsa daidai yake. In an ba ku damar gwaji a filin kafin a fara, ko minti biyu ne, kada ku bari ta wuce. Kuma in aka ce kowa ya kashe jirginsa yayin da wani ke sama, ku kashe da gaske, domin sigina na shiga juna, kana iya kayar da jirgin wani kana zaune a kujerarka.

Yaranmu ba su ɗauki kofi ba, tsakiya suka zo. A danfo muna dawowa suka yi barci, kai a kafaɗar juna, yarinyar da tabon ƙuna a yatsa tana nuna wa kowa kafin barcin ya ɗauke ta.

Yanzu maganar Baba. Kada ka yi musu da shi, karanta masa wannan wurin kawai. Baba, Allah ya ƙara girma, na san abin da kunnenmu ya saba ji game da jirgi maras matuƙi shi ne na sojojin Amurka da ke Agadas kafin su tashi a 2024, sai kuma na masu ɗaukar hoton biki. Amma a Ruwanda tun 2016 kamfanin Zipline ke kai jini asibitocin ƙauye da shi, kuma a 2022 ya fara kai magani a jihar Kaduna, nan kusa da mu. Jirgin nan inji ne da batir da waya, yana lalacewa, dole a sami mai gyara shi. Ku tuna lokacin da na fara buɗe rediyonku, kuka ce ɓarna nake, yau da wannan ɓarnar nake aiko da kuɗin gero. Kuɗin mota da na abincin Auta a kaina suke, albarkarku kawai muke nema.

Sai dai Auta, ka kiyaye hukuma. A nan Najeriya tun 2016 hukumar jiragen sama ta ce ba a tayar da shi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mu nan Agege da filin jirgin Murtala Muhammed ke bayan gidanmu, ko gwaji a cikin aji yaran ke yi, ƙofa a rufe. Ku ma da halin da ake ciki, mushe ya nemi takarda kafin ku fita fili, kada kuma ku kusanci bariki ko wurin jandarma da shi. Shi ya sa ma ba zan aiko da jirgi ko batir ta Jibiya ba, kada a tsare direba a kan abin da bai sani ba.

Abin da zan ba direban in ya tashi ran Asabar: ƙarfen narka dalma ɗaya, dalma nadi biyu, mitar auna wuta, ƙananan sukundireba, da matattun allunan waya guda shida. A kansu za ka koya. Kullum bayan la'asar ka cire waya ka mayar, ka ɗauki hoton liƙin ka turo mini, in ya yi dusu-dusu zan ce ka sake. Sauran ukun ma kowa ya karɓi ƙarfen, kada ya zama kai kaɗai.

Atamfar Inna na cikin kwalin, a ƙasan jaridu, kada ka yage ta da wuƙa wajen buɗewa. Ka gaishe ta, ka ce mata kilishin ya iso, mutanen shago sun cinye rabi kafin in kai gida. Ka gaida su Yaya da yara, da Kawu in ya dawo daga Tasawa.

Naka,
Yayanka na Ikko