Hujin cibiya: a fara da magani kafin faɗa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana kan wani abu da ƴan mata ke ɓoyewa a nan Yamai, wato ciwon da ke biyo bayan huda cibiya don ado. Ban zo yabon wannan ɗabi'a ba, kuma hukuncinta na bar wa malamai da iyaye. Damuwata ita ce yarinyar da ta riga ta huda, wurin ya kumbura, tsoron faɗa ya sa ta yi shiru har ciwon ya ci ƙarfinta.

Hujin cibiya ba ya saurin warkewa kamar na fatar kunne. Yakan ɗauki wata 6 zuwa 12, domin wurin yana lanƙwashewa duk lokacin da mutum ya zauna ko ya duƙa, ga ɗaurin zane da jigida suna gogarsa, ga kuma zufa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Saboda haka ɗan ja, da ƙaiƙayi, da farin ruwa mai bushewa ya zama ɓawo, ba lallai ne su zama alamar ƙwayoyin cuta ba. Sau da yawa wurin ya sha guga ne kawai. Abin yi shi ne a wanke hannu da sabulu, a jiƙa auduga mai tsabta da ruwan gishiri na farmasi, mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, a goge wurin sau biyu a rana, a busar da shi, a sassauta ɗaurin zane, kuma a daina jujjuya ƙarfen adon da ke cikin hujin. Alkol yana ƙona sabuwar fatar da ke tsirowa. Man zafi da toka da garin kafso da ake saye wurin masu tallar magani a barbaɗa a kan ciwo, duk ɓarna suke ƙarawa, kuma na ƙarshen nan shi ya fi tayar mini da hankali saboda yadda mutane suka yarda da shi.

Idan kuwa wurin ya ɗauki zafi, yana zogi, mugunya rawaya ko kore mai wari tana fita, jan yana yaɗuwa a fatar ciki, ko zazzaɓi ya shigo, to zancen na likita ne a ranar. Kada a yi gaggawar cire ƙarfen kafin likita ya duba, domin bakin hujin zai iya rufewa mugunya ta taru a ciki ta zama maruru.

Akwai kuma yanayin da ƴan mata da yawa ba su gane shi da wuri, wato jiki ya ƙi ƙarfen ya riƙa turo shi waje sannu a hankali, kamar yadda yake fitar da sartse. Wannan yakan zo ba tare da wani ciwo mai tsanani ba, shi ya sa ake sakaci da shi. Fatar da ke tsakanin ramukan biyu, wato inda ƙarfen ya shiga da inda ya fito, tana ƙara siranta, ramukan suna faɗaɗa, sandar ƙarfen tana bayyana fiye da dā, har ta kai ana hango ta ta cikin fata. Hujin da bai yi zurfi ba, da ƙarfe mai nauyi, da ƙarfe mai araha da ke ɗauke da sinadarin nikel, su ne kan gaba wajen jawo haka, kuma juna biyu ma yakan jawo shi saboda miƙewar fatar ciki. A nan babu wankin da zai mayar da ƙarfen gurbinsa. Cire shi da wuri a hannun wanda ya san aikin shi ne daidai, domin idan aka bari ya tsaga fatar da kansa tabon yakan yi muni, kuma mu masu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke da wuyar magani.

Ina roƙon iyaye mata, idan ƴarku ta nuna muku irin wannan ciwo, ku fara kai ta asibiti, faɗan ya biyo baya. Ku kuma tambaye ta inda aka huda mata, domin idan da allurar da aka yi wa wata amfani ne, ya kamata a nemi gwajin ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau a wannan zuwan.

Wassalam.

Wata mai karanta jaridarku,
daga Yamai