Yayar mijina ta tona min littattafan zane, yanzu hannuna ya ƙi komawa kan takarda

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah Ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar mutane. Don Allah a sakaya sunana da na unguwarmu, ki ce dai wata baiwar Allah ce daga cikin garin Bauchi.

Raina a ɓace nake wannan rubutu, idan kin ga na haɗa gaba da baya ki yi haƙuri. Yayar maigidana ce ta shiga ɗakina ba na nan, ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, wai turaren wuta take nema. Wa yake ajiye turaren wuta a ƙarƙashin gado? Ta fito da littattafan zanena, ta bi su shafi-shafi tana ɗauka a waya, ta zuba a gurup ɗin danginsu na WhatsApp. Ta rubuta a ƙasa wai a zo a ga abin da matar ƙaninta take yi da asuba, lokacin da matan kirki suke azkar. Ni ba na ma cikin gurup ɗin, facalata ce ta turo min a ɓoye.

Anti, ina azkar. Allah ne shaidata, sai na idar da salla na gama azkar sannan nake taɓa fensir.

Bari dai na koma baya don ki fahimta. Kakana na wajen uwa mai zayyanar allo ne, duk yaron da zai yi sauka a unguwarsu wurinsa ake kawo allo. Ni ce 'yar aikensa. Ni nake jiƙa ƙaro, in daka gawayi in tace a tsumma, shi kuma ya fere alƙalamin gamba da aska ya zauna a zaure yana jan layi ba tare da rula ba. Idan ya gaji da surutuna sai ya ba ni guntuwar takarda ya ce in kwaikwayi dagi. Daga nan na shiga lalle, kafin in gama sakandare har amare ake kawo min. Shi kansa maigidan a wurin ƙunshin bikin ƙanwarsa ya fara ganina, don haka ba zai ce bai san wadda ya aura ba.

Bayan aure na bari. Ba wanda ya hana ni a lokacin, hidima ce kawai: girki, haihuwa, zuwa gaishe da Hajiya. Bayan haihuwata ta biyu na shiga wani hali, ba barci, ga kuka ba dalili, ba wanda ya lura har ita Yayar da yanzu ta fi kowa sanin abin da nake yi da asuba. A wannan lokaci na ci karo a Instagram da abin da suke kira Inktober, wanda wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, ya fara a 2009. Kowace rana a watan Oktoba mutum zai yi zane ɗaya da tawada, zane 31 ke nan. Ni ba ni da irin tawadarsu, biro Bic na ɗauka da ragowar littafin lissafin 'yata. Oktoba ta wuce ban tsaya ba.

Kada ki ɗauka da sauƙi abin ya zauna. Da dare na fara gwadawa, ga gajiya, ga ɗauke wuta, tocilan waya kuma sai ta jefa inuwa inda ba nan take ba. Da rana kuwa ba a magana. Daga baya na gano ɗan tsakanin nan, idan gari ya fara haske kafin in ɗora ruwan wankan yara. Bai fi rabin awa ba. Na kafa wa kaina doka, tun da dare nake ajiye littafi a buɗe da fensir a kan taga, domin idan sai na tashi nema to ranar ta tafi. Ba na zaɓen abin zanawa, duk abin da idona ya fara sauka a kai shi ne. Ba na yage shafi komai muninsa, kuma ina sa kwanan wata a ƙasa. Ranar biki, ko ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, cokali nake zanawa cikin minti biyar in rufe, don dai kada ranar ta wuce fayau.

Butar alwalata kaɗai na zana ta ba adadi. Kullum sai bakinta ya karkace, har haushi take ba ni. Wata safiya na ƙyale butar, na tsaya ina kallon ɗan ramin da ke tsakanin mariƙinta da wuyanta, na zana shi shi kaɗai, sai ga buta ta zauna daram a takarda. Ranar ni kaɗai nake murmushi a kicin. Wa zan faɗa wa ya gane? Daga baya na koma fensir, masu lamba 2B da 6B, a kasuwar Wunti nake saye da kuɗin lallena. 6B yana da baƙi mai kyau amma yana shafewa, sai na sa farar takarda tsakanin shafi da shafi. Da hunturu yatsuna su tsattsage, ba na shafa basilin sai na gama, don maiƙonsa yana ɓata takarda. Sisin kwabo ban taɓa tambayar maigidan ba a kan wannan.

To ita Yaya, tun da aurenta ya mutu ta dawo gidan Hajiya ba ta da aiki sai sa ido. Ita ce ta taɓa cewa miyata ba ta jin daddawa a gaban baƙi. Ita ce ta kai ƙara wai na bar kunu ya ƙone yarinya ta makara makaranta saboda zane. Sau ɗaya ne, kuma ranar gawayin ne jiƙaƙƙe, ina fama da shi hankalina ya rabu. Matan da ba su san fensir ba ma ai kununsu yana ƙonewa.

Cikin duk shafukan nan, da tukwane da darbejiyar ƙofar gidanmu da Ƙofar Ran da na zana daga hoto, guda ɗaya ta kewaye da jan layi. Mai garuwar da ke kawo mana ruwa idan famfo bai kawo ba. Dattijo ne, a girme ya isa ya haifi maigidana. Hannunsa na zana a kan jarka, saboda jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa, sai ɗan gefen fuska kawai don zanen ya tsaya. Ta taga na hango shi, ko magana ba mu yi ba. Amma wai ina zana maza. Wani ƙanin babansu ya sa baki wai haramun ne, wata kuma ta ce irin wannan ne ke jawo aljanu cikin gida.

Ni ma na je Islamiyya, Anti. Na san hadisin da Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane idan ba makawa to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Shi ya sa kusan duk littattafan nan kayan kicin ne da bishiyoyi. Da na yi wa maigidan bayani na ɗauko naira ashirin na nuna masa Ladi Kwali a bayanta, na ce ga mace nan aikin hannunta ya kai ta kan kuɗin ƙasa. Ya ce ita tukwane take ginawa. Mutumin da da bakinsa yake nuna wa abokansa zanen babur ɗinsa da na yi, har ya sa shi a fuskar wayarsa, yau shi ne ya kwashe littattafan ya kai gidan Hajiya wai sai ƙura ta lafa. Bai ce wa yayarsa uffan ba a kan shiga ɗakina. Ko uffan.

Na so in tafi gida, Ummata ta ce idan na yi yaji a kan takarda ita ma ba ta san me za ta faɗa wa Baba ba.

Af, na manta ban faɗa miki ba, shekaranjiya ya shigo da sabon littafin zane mai kauri da fensura a leda, ya ajiye a kan gado ya ce in ci gaba amma ban da mutane. Ban ce masa na gode ba, don ba sabo na nema ba, nawa nake so. Wannan ai rufe baki ne. Ko ba haka ba ne, Anti?

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na buɗe sabon littafin jiya da yau, a lokacin da na saba, a tagar da na saba, hannuna ya yi nauyi kamar taɓarya. Ina ɗora fensir sai in ji kamar dangin nan duka suna leƙe ta bayana. Ko cokalin ma na kasa. Na taɓa karantawa cewa masu bincike a wata jami'a a Landan sun gano ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zauna wa mutum, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ta. To wadda aka tsinka da tozarci fa? Ina tsoron komawa halin da na shiga bayan haihuwa, don daren jiya ma ban runtsa ba.

Ki ba ni shawara. In dage sai Yaya ta ba ni haƙuri a gurup ɗin da ta tozarta ni, ko in je da kaina in durƙusa wa Hajiya in roƙi littattafaina? Idan na karɓi sabon na fara zane a ciki, ba zai zama na yarda na yi laifi ba? Facalata ta ce in canza lokaci in koma bayan la'asar, ko in riƙa yi a takardu warwara ina kai wa Ummata ajiya, amma ni ban saba ɓoye-ɓoye ba, kuma bayan la'asar yara sun dawo. Idan cikin masu sauraro akwai wadda take zane ko saƙa ko ɗinkin hula kullum, aka taɓa katse ta irin haka, don Allah ta faɗa min da me ta fara ranar da ta koma.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Taki,
Maman yara biyu, daga Bauchi