Wasiƙar Makaranta Zuwa ga Iyaye: Maganar Balagar 'Ya'yanmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Muna gaishe ku tare da fatan alheri. Wasiƙar wannan karo ta tsaya ne a kan maganar da yawancinmu muke jin nauyinta, wato balaga.

Sau da yawa malamin aji ne yake fara lura. Yarinya ta daina son fitowa gaban allo, kullum littafi na rungume a ƙirjinta. Yaro murya ta fara buɗewa, sai ya koma shiru don gudun dariyar 'yan aji. Balaga takan fara ne tsakanin shekara 8 zuwa 13 ga 'yan mata, 9 zuwa 14 ga maza, ke nan ɗan aji huɗu na firamare bai yi ƙanƙanta da wannan zance ba. Jinin al'ada yakan zo kamar shekara biyu bayan ƙirgar dangi, kuma a farko yakan yi wasa, ya zo wannan wata ya tsallake na gaba. Wannan ba ciwo ba ne. Amma idan yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, ko alamun suka bayyana kafin ta cika 8, a kai ta ga likita.

Roƙonmu shi ne ku riga jikin yaron magana. Yarinyar da ta ga jini ba a taɓa gaya mata komai ba, ciwo za ta ɗauka, ko ta zaci laifi ta yi ta ɓoye. Maza kuwa su aka fi mantawa da su. Wa yake zaunar da yaro ya gaya masa mafarki ba abin tsoro ba ne, ko ɗan kumburin nonon da wasu samari suke samu yakan baje da kansa? Idan uba ya yi shiru, aboki da waya ba za su yi ba.

Mun san wasunku suna tsoron kada bayani ya buɗe wa yara ido. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta duba bincike da dama a jagorar da ta fitar a 2018, ta kuma nuna cewa ilimin da ya dace da shekarun yaro ba ya sa shi saurin fara jima'i, sau da yawa ma jinkirtawa yake sa shi. Kuma ba sai an yi dogon zama ba. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya ta gaskiya, gobe a ɗora.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yawancin masu lalata da yara ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani, wani lokaci har gida ya yarda da su. Ku koya wa yara sunan kowace gaɓa ta jikinsu, ku gaya musu ba wanda yake da ikon taɓa al'aurarsu, kuma duk babban da ya ce "kada ka gaya wa kowa", a ranar za a zo a faɗa. Idan yaro ya kawo muku irin wannan magana, kada ku fara da faɗa ko duka. Ku saurara, ku gaya masa ba laifinsa ba ne, sannan ku nemi taimako.

Game da waya, Facebook da TikTok da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙanƙantar shekarun buɗe shafi. Ku ja wa yara kunne cewa hoton da aka tura ba ya dawowa.

Masu 'ya'ya mata, ku tambayi asibiti game da allurar HPV, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 don kariya daga sankarar bakin mahaifa.

A ɓangarenmu, akwai audugar mata a ofis ga duk ɗalibar da al'ada ta zo mata a makaranta, ba sai ta yi wa kowa bayani ba. Mai son ganin abin da muke koyarwa a darasin kimiyya, ko mai damuwa game da ɗansa, yana iya zuwa ya ga malamar ba da shawara a lokacin aiki, kuma maganar ba za ta fita ba.

Naku,
Hukumar makaranta