Zuwa ga Malam Sani: a New Jersey kuɗi ba ya fitar da mutum daga tsare

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Ina fatan kana lafiya da iyali. Na samu saƙonka game da ɗan yayanka da aka kama a Newark, birnin da ke jihar New Jersey ta Amurka. Allah ya kawo mafita. Ka ce dangi sun fara karo-karo don haɗa kuɗin beli, to ku dakata tukuna. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma a New Jersey kusan an daina belin kuɗi tun 1 ga Janairun 2017. Masu zaɓe ne suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar a 2014, aka ba alƙali ikon hana beli ɗungurungum idan ya ga sakin mutum haɗari ne.

Da zarar an ɗauki hoton yatsunsa, kwamfuta za ta duba tarihinsa ta ba shi maki daga 1 zuwa 6 a kan abu biyu: yiwuwar ya ƙi zuwa kotu, da yiwuwar ya sake yin laifi. Tana duba shekarunsa, da hukuncin da aka taɓa yi masa, da ko akwai wata shari'a a kansa, da ko ya taɓa tsallake ranar kotu. Ba ta san yana aiki ba, ba ta san yana da iyali ba, sai lauya ya faɗa. Cikin awa 48 za a kai shi gaban alƙali. Idan mai gabatar da ƙara bai nemi a tsare shi ba, za a sake shi, ƙila da sharaɗin kai kansa ga jami'an kotu ko ɗaura masa na'ura a ƙafa.

Idan kuwa ya nema, za a yi zama na musamman cikin kwanakin aiki 3, kuma lauyan yaron na iya roƙon ƙarin kwana 5 don ya shirya. Wannan zaman shi ne komai. Gwamnati ce za ta kawo hujja ƙwaƙƙwara cewa babu sharaɗin da zai hana shi gudu, ko cutar da wani, ko yi wa shari'a zagon ƙasa. Amma a tuhumar kisan kai ko laifin ɗaurin rai da rai, nauyin kan koma kan wanda ake tuhuma. Abin da ke damuna shi ne mai gabatar da ƙara na iya dogara da rahoton 'yan sanda kawai, ba tare da ya tsayar da shaida ba. Saboda haka ku kai wa lauya takardar albashi, da takardar hayar gida, da wasiƙar mai gidansa a wurin aiki, da sunan babban mutum da zai zauna a wurinsa.

Don Allah, ka ja wa dattawa kunne: kada kowa ya kira wanda ya kai ƙarar don ba da haƙuri ko neman sulhu. A gida wannan mutunci ne, a can kuwa ana iya ɗaukarsa a matsayin matsa wa shaida, ya zama dalilin hana belin. Shi ma yaron kada ya yi maganar shari'ar a wayar gidan yari, domin ana naɗar kiran.

Idan aka tsare shi, yana da damar ɗaukaka ƙara, sai dai wa'adin gajere ne. Doka ta ba gwamnati kwana 90 ta shigar da cikakkiyar tuhuma, sai kwana 180 a fara shari'a, amma duk ɗagewar da lauyansa ya nema ba ta shiga lissafi. Kuɗin da kuka tara ku ajiye su don lauya. Idan ba su isa ba, ya nemi lauyan da gwamnati ke ba marasa hali don ya kare shi, tun zaman farko.

Ka turo mini takardar tuhumar idan ta zo hannunka. Ka gaida Hajiya da yara.

Amininka,
Bashir